Bayan Asuba, Kafin Azahar: Yadda Mai Larurar Ƙarancin Natsuwa Zai Tsara Yininsa

Jama'a masu sauraro, barkanmu da sake haɗuwa a cikin shirinmu na faɗakarwa kan lafiyar iyali. Gaisuwa ta musamman ga mutanen Dambatta da Makoɗa da Kunci da Bici da Tsanyawa da Minjibir, da wanda ya rataye rediyonsa a bakin gona, da wadda ta ajiye tata kusa da murhu. Yau maganarmu a kan wasu mutane ce da kowace unguwa ta san su. Akwai yaron da za a aika sayen gishiri a tsince shi a bakin rijiya yana kallon masu jan ruwa. Akwai yarinyar da tukunya ke ƙonewa a gabanta alhali tana zaune idonta biyu. Akwai magidancin da ya fara jinkar rumbu, ya bari ya kama gyaran danga, ya bari ya hau babur zuwa kasuwa, ya dawo bai sayo abin da ya kai shi ba. Mukan ce masu kunnen ƙashi ne, ko masu rawar kai, ko 'yan shiririta. Wasu daga cikinsu, ba dukansu ba, suna ɗauke ne da wata larura ta ƙwaƙwalwa da likitoci ke kira ADHD, wadda alamominta su ne ƙarancin natsuwa, yawan ƙiriniya, da yin abu da garaje. Abin da nake son tabbatar muku a yau shi ne: mai wannan larura ya fi kowa buƙatar tsari, amma tsarin da zai riƙe shi sai ya zama mai sassauci, kuma ya zama a fili inda ido zai gani, kunne ya ji. Mafi yawan abin da ake buƙata don gina shi yana nan cikin rayuwar ƙauyukanmu.

Na san wani zai ce ai wannan ciwon 'ya'yan Turawa ne da 'ya'yan birni masu kallon talabijin. Tarihi bai yarda da wannan ba. Tun a 1798 wani likita ɗan ƙasar Sikotilan mai suna Alexander Crichton ya yi rubutu a kan mutanen da hankalinsu ba ya iya tsayawa a kan abu ɗaya, kuma a 1902 likitan yara George Still ya yi laccoci a Landan a kan yara masu irin wannan hali, tun babu rediyo a gidaje balle wayar hannu. Alƙaluma ma ba su yarda ba. Wani babban nazari da aka wallafa a 2007, wanda ya tattara binciken ƙasashe da dama, ya nuna cewa kimanin yara 5 cikin 100 ne ke da larurar a duniya. Wani da aka fitar a 2020 a kan Afirka kaɗai ya samu sama da 7 cikin 100. A nan Najeriya, binciken da aka yi wa 'yan firamare a Ilesa, wanda aka wallafa a 2007, ya samu kusan 9 cikin 100. Ke nan aji mai ɗalibai sittin da wuya ya rasa uku ko huɗu. Da yawansu kuma suna girma da ita, domin an ƙiyasta cewa manya 2 zuwa 3 cikin 100 suna fama da ita. An fi lura da maza saboda ƙiriniyarsu a fili take. Mace kuwa sau da yawa tata a shiru take zuwa, da mantuwa da tafiyar tunani, sai a ce sakarya ce a wuce.

Mene ne ke faruwa a cikin kan irin wannan mutum? Ƙwaƙwalwa tana da wani aiki na riƙe abu na ɗan lokaci har a gama shi, da danne sha'awar da ta taso nan take, da jin wucewar lokaci. Ga mai wannan larura aikin nan ne ke da rauni. Masanin halayyar ɗan Adam na Amurka, Russell Barkley, wanda ya daɗe yana nazarin larurar, ya bayyana cewa mutumin ya san abin da ya kamata ya yi, inda yake faɗuwa shi ne aikata shi a lokacinsa da wurinsa. Abin da ke gabansa yanzu shi ne duniyarsa, abin da zai zo jibi kuwa da ƙyar yake da nauyi a zuciyarsa. Shi ya sa za ka ga yaron da ba ya iya zaman minti goma a kan allo ya wuni yana harhaɗa mota da karan dawa ko ɗago kai bai yi ba: natsuwar tana nan, linzaminta ne ba ya hannunsa. Binciken tagwaye ya nuna cewa gado ne ke da kaso mafi girma, kimanin kashi 74 cikin 100, don haka uwa ta daina zargin kanta, uba ya daina neman wanda ya yi wa ɗansa sammu. Sai dai ba kowane yaro mai ƙiriniya ne ke da larurar ba. Likitoci ba sa yanke hukunci sai alamomin sun fara kafin shekara 12, sun kai wata shida, sun bayyana a wuri fiye da ɗaya kamar gida da makaranta, kuma suna cutar da rayuwar mutum a zahiri.

Idan mun fahimci haka, za mu gane dalilin da ya sa jadawali mai tsauri ke kayar da shi. A ce masa ƙarfe shida ka yi kaza, shida da rabi ka yi kaza, ai an ɗora masa kaya ne daidai inda yake da rauni, wato lissafin lokaci. Da ya makara a abu na farko sauran duk sun rushe, sai kunya ta biyo baya, sai ya watsar da komai. Rashin tsari kwata-kwata kuma ya fi muni, domin duk abin da ya gifta shi zai bi. Mafita tana tsakani, kuma manomin ƙasar nan ya fi kowa saninta. Masanin ƙasa ɗan Ingila, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello da Jami'ar Bayero, ya fara nazarin wannan yanki namu mai cunkoson gonaki tun shekarun 1960, kuma cikin abin da ya fi jaddadawa akwai yadda manomi ke sarrafa aikinsa gwargwadon yadda ruwa ya zo. Jerin aikin ba ya canzawa: sharar gona, kai taki, shuka, noman farko, maimai, girbi. Amma ba wanda ke sa ranar shuka a kalanda, ruwa ne ke faɗa. Idan shuka ta ƙone a sake, idan gero ya gaza ga dawa da wake a tsakanin kunyoyi. Irin wannan tsarin ne ya dace da mai ƙarancin natsuwa: jerin ya tsaya daram, sa'ar ta yi sassauci, kuma hanyar sake farawa ta kasance a buɗe kullum.

Wannan magana tana da hujja daga bincike. A 1999 masani ɗan Jamus Peter Gollwitzer ya nuna cewa mutum ya fi cika niyyarsa idan ya ɗaura ta da wani abu da zai faru, wato ya ce "idan kaza ya faru zan yi kaza", maimakon ya ce "zan yi" kawai. A 2008 shi da Caterina Gawrilow sun gwada dabarar a kan yara masu ADHD, suka ga ta taimaka musu wajen danne garaje. A Landan kuma Phillippa Lally da abokan aikinta sun bi mutum 96 da ke ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, suka wallafa sakamakon a 2010: a tsaka-tsaki sai da aka kai kwana 66 kafin abu ya zama jiki, wasu kwana 18, wasu har 254, kuma tsallake rana ɗaya bai rushe ginin ba. Waɗannan mutane ba masu larurar ba ne, don haka mai larura ya ƙara wa kansa haƙuri a kan nasu. A 2013 Howard Abikoff ya wallafa gwajin da aka yi wa 'yan firamare 158 masu larurar a Amurka, inda aka koya musu adana kayan karatu da tsara aiki mataki-mataki, aka ga ci gaba a makaranta da raguwar rigima a gida. Ga manya ma, gwaje-gwajen da Steven Safren da Mary Solanto suka wallafa a 2010 sun nuna cewa koyon dabarun tsari yana rage alamomin. Darasin duka ɗaya ne: tsari abin koyo ne, kuma ya fi kamawa idan an jingina shi da abin da ke faruwa da kansa kowace rana.

To me ke faruwa da kansa kowace rana a Dambatta ko Kunci? Kiran salla. Sau biyar ladan ke raba mana yini, da murya mai ƙarfi, ba tare da kowa ya tuna masa ba, kuma lokutan suna tafiya da rana, damina da rani. Mai larura ya daina cewa ƙarfe kaza, ya koma cewa: bayan Asuba zan ba awaki harawa in ɗauki fartanya, kafin Azahar aiki ɗaya ne a gabana, shi ne kunyoyin gabas, bayan La'asar zan duba abin da ya rage, bayan Isha zan ajiye waya in kwanta. Kada ya ɗaura wa kowace salla fiye da abu ɗaya ko biyu. Ya fara da ɗaya tak, sai ya zauna sannan ya ƙara. Da safe ya zaɓi ayyuka uku da yinin ba zai tafi ba sai da su, ya faɗe su da baki ga matarsa ko ƙanensa, ko ya naɗe su da muryarsa a waya idan ba ya rubutu. Tsakanin waɗannan kuwa ya bar wa kansa sarari: idan jikinsa ya ƙi noma ya koma kwasar taki, duk aiki ne, matuƙar ukun nan sun samu shiga kafin Magariba. Uwargida mai sana'ar ƙuli-ƙuli ko daddawa ita ma haka: suyar gyaɗa bayan an sallami yara makaranta, lissafin kuɗin talla bayan La'asar, a wuri ɗaya, da kwano ɗaya. Idan ta ɗora tukunya ta kunna ƙararrawar waya, domin abin da kunne zai ji ya fi abin da aka bar wa zuciya.

Bayan lokaci sai wuri. Mai wannan larura abin da ba ya gani ya ɓace masa, don haka akwatin da aka rufe da jakar da aka cusa ƙarƙashin gado ba sa yi masa amfani. A kafa ƙusa a bakin ƙofa domin makullin babur, a ajiye ƙwarya ɗaya domin waya da kuɗi da katin asibiti, a jingine fartanya da lauje a kusurwa ɗaya ta zaure. Buhun takin zamani da za a zuba gobe a fito da shi yau a sa a hanyar fita. Abin da ba a bari a fili shi ne maganin feshi da maganin ɓera, waɗannan a kulle su nesa da yara da kayan abinci. Ga yaro kuma, iyaye mata, ku rage tsawon aike. Kada a ce ya je ya kai niƙa ya biya ya karɓo bashi ya sayo mai ya gaida kakarsa. A kira sunansa, a bari ya dubo ku, a ba shi aike ɗaya, ya maimaita da bakinsa, ya dawo a ce Allah ya yi albarka nan take, sannan a ba shi na biyu. Malam a makarantar allo ko ta boko ya zaunar da shi kusa da shi, ya ba shi karatu gajere, ya sa shi ɗebo ruwa ko share allo idan ya ga zama ya gagare shi. Motsin nan da ake hana shi sau da yawa shi ke dawo masa da hankali.

Na uku shi ne mutane. Masu wannan larura da yawa sun fi yin aiki idan akwai wani a gefe, ko da bai ce uffan ba, kuma al'adarmu ta gandu da gayya ta riga ta tanadi wannan. Saurayin da ya kasa gama gayaunarsa shi kaɗai, ya haɗa kai da aboki: yau a tawa, gobe a taka. Wanda kuɗi ba sa kwana a hannunsa ya shiga adashi, ko ya bar amfanin gonarsa a rumbu makullin yana hannun yayansa, ya sa wa kansa doka cewa duk sayayya mai tsada sai ta kwana ɗaya. Ranar kasuwa, kamar Lahadin Dambatta, ta zama ranar duba mako: me aka yi, me ya rage, me za a sayo. Amfanin wannan rana shi ne ta zama ƙofar dawowa. Tsarin zai karye, biki zai zo, rashin lafiya za ta zo, watan azumi zai juya yinin gaba ɗaya. Idan ya karye ba a zaman makoki, ba a jiran sabuwar shekara, a salla ta gaba ake ɗorawa. Idan kuma dabara ta gundure shi bayan wata biyu, ya canza ta, domin ƙwaƙwalwar nan tana son sabon abu. Manufar ce ba ta canzawa.

Yanzu ga ƙorafin da na san yana zukatan dattawa: icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, mu da bulala aka gyara mu. Ranku ya daɗe, tarbiyya wajibi ce, kuma ba wanda ya ce a bar yaro ya yi abin da ya ga dama. Amma bulala tana koya wa yaro abin da bai sani ba ne, shi kuwa wannan ya sani, tunawa a kan kari ce ta gagare shi. Shi ya sa ake dukansa yau ya maimaita gobe, har mai dukan ya gaji. Abin da dukan ke ƙara masa shi ne ƙarya don tsira, da gudun gida, da yarda cewa shi lalatacce ne. Akwai kuma mai cewa sassauci ƙofar lalaci ce. Ku duba da kyau: tsarin da na bayyana bai ɗauke wa kowa aikinsa ba. Gona sai an nome, bashi sai an biya, karatu sai an yi. Abin da aka sassauta hanya ce da sa'a, kuma ma'aunin a fili yake, shin aikin ya kammala ko bai kammala ba. Larurar tana bayyana dalilin wahala, ba ta yafe wa mutum hakkin da ke kansa.

Wani kuma zai tambaya: to tsari kaɗai ya isa, ba sai an je asibiti ba? A'a. Babban gwajin da aka wallafa a Amurka a 1999, wanda ya bi yara 579 tsawon wata 14, ya nuna cewa magani a ƙarƙashin kulawar likita ya fi horon ɗabi'a kaɗai rage ainihin alamomin, haɗa su biyun kuma ya fi amfani a wasu fannonin rayuwar yaro. Saboda haka wanda larurarsa ta tsananta ya nemi likita. A fara da asibitin da ke kusa, daga nan a nemi a tura mutum sashen lafiyar ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ko asibitin ƙwaƙwalwa da ke Dawanau. Zuwa can ba ya nufin hauka. Akwai ma wani dalilin zuwa: abubuwa da dama suna kama da wannan larura alhali ba ita ba ce, kamar raunin ji, da wani nau'in farfaɗiya mai ɗauke hankali na daƙiƙoƙi, da ƙarancin jini, da yunwa, da rashin barci, da gubar dalma irin wadda ta hallaka ɗaruruwan yara a Zamfara a 2010. Likita ne zai bambance. Kada kowa ya sayi ƙwaya a kemis ko a hannun mai talla da sunan maganin natsuwa. Tiramadol da kodin ba sa maganin wannan larura, kuma masu ita sun fi sauran jama'a saurin faɗawa shaye-shaye. Sakaci ma yana da tsada: wani bincike a ƙasar Denmak da aka wallafa a 2015, wanda ya bi mutum kusan miliyan biyu, ya gano cewa haɗarin mutuwa da wuri ya ninka ga masu larurar, kuma haɗurra ne babban sanadi. Duk mai ɗa ɗan acaba a hanyar Kano zuwa Daura ya san nauyin wannan magana.

Jama'a masu sauraro, a yankin da gona ta yi kaɗan, mutane suka yi yawa, ba mu da ɗan da za mu yar. Yaron nan mai ƙiriniya sau da yawa shi ne mai kuzari, mai saurin dabara, wanda ba ya tsoron sabon abu, kuma ko zai zama abin alfahari ko abin kuka ya danganta ƙwarai da yadda gidansu da makarantarsu suka tsara masa yini. Don haka ga roƙona. Kai mai fama da wannan, zaɓi aiki ɗaya ka ɗaura shi da sallar Asuba ta gobe, ka kafa ƙusarka a bakin ƙofa yau. Iyaye, ku gwada aike ɗaya-ɗaya da sa albarka nan take na tsawon wata biyu kafin ku yanke hukunci. Malamai, ku matso da ɗalibin nan gaba. Wanda kuma ya ga abin ya fi ƙarfin gida, ya kama hanyar asibiti ba tare da jin kunya ba. Allah ya shirya mana zuriya, ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, ya sa albarka a gonakinmu.